Ragon da Ya Tsufa Yana Jiran Rijiya

Buzun da nake zama a kai a zaure ya daɗe da gajiya. Gashin gefe guda ya zube, ɗaya gefen ya koma ja saboda tsufa. Jikokina sun sha ɗauke shi su jefa bayan rumbu su shimfiɗa mini darduma, ni kuma in sa a dawo da shi, in haɗa musu da faɗa. Ba su san fatar wane ne ba. Fatar ragon da ya fi kowa a ƙauyenmu daɗewa yana jiran ɗan majalisa ce.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ajingi da Gafasa, gero da dawa da gyaɗa muke nomawa. Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana. Gonarmu ɗaya, gidanmu ɗaya, kowa da matarsa da ɗakinsa, amma tuwo a akushi ɗaya muke ci a zaure tun muna yara. Yaya mutum ne marar yawan magana, ni kuwa Allah ya hore mini baki. Yana da wata ɗabi'a: in an yi sa'a akwai tsokar nama a miya, sai ya sa ɗan yatsa ya turo ta gabana yana kallon wani wuri, kamar ba shi ya yi ba. Har na yi aure na haihu bai daina ba, bai kuma daina kirana Auta ba.

Abin da ya dame mu a garin nan ruwa ne. Da damina akwai tafki. Da rani kuwa sai a ɗaura wa jaki tuluna a tafi rijiyar wani ƙauye mai nisa, a bi layi, a sha baƙar magana wurin masu rijiyar, a dawo da ruwa mai kalar kunun kanwa. Haka muka taso muka tarar, ba mu ma san abin kai ƙara ba ne sai da siyasa ta shigo.

Ta shigo ne wajen lokacin da ake ta maganar samun 'yancin kai. Jam'iyyu biyu suka iso mana. Ba zan kama sunansu ba, duk sun mutu, ba kuma na son in tone su. Ni na shiga ta farko don motarsu tana da lasifika, kuma ran da suka zo mai riƙe da lasifikar ya gaishe ni, muryarsa ta cika gari har kaji suka watse. Wanda aka gaisar da lasifika a gaban surukansa ai ya gama zaɓen jam'iyya. Yaya ya shiga ta biyu don mai unguwa yana cikin tamu, shi kuwa tun wata rigimar iyakar gona, in mai unguwa ya ce gabas sai ya ce yamma. Manufar jam'iyya kuwa, da za a tsare mu a tambaye mu, da mun sha kunya mu duka biyun.

Kafin a ankara gari ya rabe. Wanzami biyu, mahauci biyu, mai shayi biyu. Na ga mutum da idona yana yawo a kasuwar Ajingi da rabin kai a aske, don ana cikin aski wanzamin ya yi suɓutar baki ya yabi ɗan takararmu, shi kuwa ya miƙe da kumfa a ka ya ce ba zai bar ɗan wannan jam'iyya ya riƙe aska kusa da maƙogwaronsa ba. Wani maƙwabcinmu ya yanka zakaransa don ya kama shi yana cara a kan katangar ɗan adawa. Matanmu, waɗanda a lokacin ba a ba su ƙuri'a ba, suna kallonmu suna dariya ƙasa-ƙasa. A gidanmu dai akushi ya tsira da farko. Muna ci muna musu, Yaya yana turo mini nama yana ce wa ɗan takarata maƙaryaci.

Ɗan takararmu mutumin Gaya ne, mai sayen gyaɗa, mai fara'a, muryarsa daɗi gare ta. Ya zo mana ana gab da zaɓe, rani ya yi tsanani. Aka kawo masa ruwa a ƙwarya. Ya kalli ruwan, ya ɗan kai bakinsa, ya sauke ba tare da maƙogwaronsa ya motsa ba.

Ya ce, "Wannan kuke sha?"

Muka ce shi muke sha, kuma wannan na baƙi ne, an tace shi da ɗankwali.

Ya girgiza kai har hularsa ta karkace. Ya ce, "In kun tura ni majalisa, kafin ku sake girbe gero za ku sha ruwan rijiyar siminti. A nan, inda nake tsaye." Ya karɓi fartanya a hannun wani tsoho, ya naɗe hannun rigarsa, ya sari ƙasa, ya yi ɗan rami wanda bai fi zurfin ƙwarya ba. Makaɗi ya saki ganga.

Nan kaina ya ɗau zafi. A makon nan tunkiyata ta haihu. Na ruga gida na sungumo ɗan ragon, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba, na ɗaga shi sama a gaban jama'a. Na ce, "Ku shaida, wannan na ranar buɗe rijiya ne. Na rantse ba zan sa masa wuƙa ba sai ran da muka sha ruwanta, ranar kuma kowa zai ci." Aka yi tafi, mata suka yi guɗa ta bayan katanga, ɗan takara ya shafa kan ɗan ragon ya sa mini albarka. Ranar da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa.

Da muka zauna cin tuwo, Yaya ya ce, "Auta, ragon nan da ka ɗaga, ka fara neman masa sanda tun yanzu. Sai ya tsufa ya dogara."

Na ce baƙin ciki ne, jam'iyyarsu ko kududdufi ba za ta iya haƙawa ba. Da na tsaya nan da an wuce wurin. Amma bakina in ya kama gudu ba ya jin linzami, na ƙara da cewa mutum irinsa gara ya mutu da ƙishirwa da ya sha ruwan da ba nasu suka kawo ba. Yaya ya janye hannunsa daga akushi, ya lashe yatsunsa a hankali.

Ya ce, "To, ni ma na rantse. Ba zan ƙara sa hannu a akushi ɗaya da kai ba sai ran da za a ci naman ragon nan."

Na yi dariya na ce ai daga nan zuwa kaka ne, kwana nawa. Na jawo akushin gabana na cinye har da rabonsa.

Ɗan takararmu ya ci zaɓe, ya tafi Kaduna, ya zama wakili. Kaka ta zo, aka girbe gero, aka cire gyaɗa. Ramin da ya sara kaji suka mai da shi wurin birgima. 'Yan jam'iyyar su Yaya in sun gan ni a hanya sai su gaishe ni da ladabi su ce, "Ina kwana, ya iyali, ya rago?" Don haushi na saƙa zana na kafa ta a tsakar gida, ta raba ɓangarena da na Yaya. Daga rashin cin tuwo tare, magana ma ta tsaya.

Rago kuwa ya samu duniya. Tunda na taron biki ne, ba na so a ce ragon jam'iyyarmu ya rame, na dinga ɗura masa harawa da dusa da kanwa. Ya cika, ƙahonsa ya murɗe, ya yi geza har ƙirji, ya tsinke igiya ya tumɓuke turke. Sannan ya gano cewa duk garin babu mai ikon yanka shi, babu mai ikon sayar da shi, sai ya kama tunkuyi. Abin da zan yaba masa, bai taɓa tambayar jam'iyyar mutum ba. Ya tunkuyi mai unguwa, ya tunkuyi shugaban 'yan adawa, ya tunkuyi mai karɓar haraji har ya zubar da tawada. Ni da nake ciyar da shi ya kai ni ƙasa ba sau ɗaya ba. Da zarar ya ja da baya ya sunkuyar da kai, za ka ga ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan sun hau bishiya ɗaya, ana miƙa wa juna hannu. In ya wuce sai a sauko a ci gaba da gaba.

Abincin da ya fi so shi ne zanar da na kafa. Ga harawa a gabansa, amma sai ya je ya kama zanar da ci har ya yi ƙofa. In na toshe ya sake buɗewa. Ta wannan ƙofar matata da matar Yaya suke miƙa wa juna daddawa da garwashin wuta da labarin wautarmu, ta nan kuma ragon yake ƙetarewa ya wuni a ɓangaren adawa. Mutum ɗaya ne bai taɓa tunkuya ba, Yaya. Na sha leƙawa in ga ya ɗora haɓa a gwiwarsa ana sosa masa gindin ƙaho. Abin ya ci mini rai, ni da harawa, wani da godiya.

Gona ɗaya kuwa ba ta nomuwa da shiru. Dole a san ranar shuka, a san wanda zai tafi ɗiban ruwa. Yaya ne ya fara samo dabara. Wata safiya na ji shi ta bayan zana yana cewa, "Rago, faɗa wa mai kai gobe za a fara shuka ta gefen gabas." Na ce, "Rago, faɗa masa an ji, amma irin da ya ajiye ƙwari sun ci." Haka muka koma. Barka da salla ta bakin rago, gaisuwar mara lafiya ta bakin rago. Da aka haifa mini 'ya, ragon aka aiko ya yi mini barka. In ya tafi yawo kuma gida ya yi tsit, ko wuta ce ta tashi sai an nemo shi.

Mutane suna dariya, ni ma a waje ina taya su. Amma tuwo ni kaɗai bai taɓa yi mini daɗi ba. Nakan zauna da ɗan akushina ina jin motsin nasa ta bayan zana, in tsinci nama a miya in rasa yadda zan yi da shi. Ina kewar yayana, kuma girman kai ya hana ni faɗa ko ga rago.

Da aka sake kaɗa gangar zaɓe na ce to, yanzu wakili zai zo, dole ya bi ta gaban ramin nan. Bai zo ba. Ya aiko yaransa da gishiri da gaisuwa, aka ce mana ya zarce. Sai na ga ba rijiya kawai mutumin nan ya riƙe ba, ya riƙe mini ɗan'uwa. Na ji labari ya zo hutu gidansa na Gaya, na yanke shawara zan ja ragon har gabansa ya gan shi da idonsa. Na yi kwanaki ina shirya maganar da zan faɗa masa, ina gwadawa a kan jaki a hanyar ɗiban ruwa. Magana ce mai zafi, har jakin yakan kaɗa kunne.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, na sa wa rago igiya na ja. Ya kafe ƙafafu huɗu a ƙofar gida, ko gezau. Na ja, na tura, na yi lallashi, na yi zagi. Sai ga Yaya ya fito da sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Rago, ni dai Gaya za ni sayen kanwa, ba ruwana da kowa." Kanwa kuwa tana nan tuli a kasuwar Ajingi. Ya kama hanya, rago ya bi shi tiɓis-tiɓis, ni kuma ina biye riƙe da igiya kamar ni ake kai wa kasuwa.

Mun isa rana ta take. Gidan wakili ba ya ɓata, ga mota a inuwa, ga mutane zaune a ƙofa kowa da buƙatarsa. Abin da ya fara tare mana ido kuwa rijiya ce a gefen zauren, ta siminti, sabuwa, bakinta a shafe sumul, guga a rataye. Yaya ya tsaya ya kalle ta da kyau.

Ya ce, "Rago, faɗa wa mai kai ga rijiyarsa nan. An haƙa, wurin ne kawai aka ɗan kuskure."

Na ja ruwa na ba ragon, ya shanye guga guda yana lumshe ido, bai taɓa ganin ruwan da ake hango gindin guga ta cikinsa ba.

Can wakili ya fito. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Na miƙe da zafina. Ya dube ni ya yi murmushin nan nasa, ya ce, "An gaishe ku, daga ina?" Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, ya gajiyar aiki?" Maganar da na kwashe kwanaki ina wasawa a kan jaki ta bi iska.

Sauran fatana ɗaya, rago. Na sassauta igiya da gangan, ina cewa a raina wanda bai bar mai unguwa ba ai ba zai bar wannan ba. Ya matsa gaba, ya sunkuyar da kai, zuciyata ta yi fari. Sai ya kama shinshina gefen babbar rigar, ya lashi hannun wakili, ya tsaya ana shafa shi yana kaɗa bindi. Ashe shi ma ɗan garinmu ne. Duk ƙarfinmu a kan junanmu yake ƙarewa, in mun ga mai turare sai mu lashi hannu.

Da ƙyar na tattaro baki na faɗi sunan ƙauyenmu, na tuna masa da rijiya. Ya ce ai maganar tana nan, ta yi nisa, kullum yana kwana da ita yana tashi da ita. Sannan ya dubi ragon ya ce, "Har da ɗawainiya haka? Allah ya yi albarka." Shi a zatonsa gaisuwa muka kawo. Da yake ɗan kasuwa ne, hannunsa ya riga tunaninsa, ya kama haɓar ragon ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Ya ɗan ɓata fuska.

Ya ce, "Amma fa ya fara manyanta. Wannan ai ya wuce lokacin yanka."

Sai na ji muryar Yaya daga bayana, a tsaye yake, bai durƙusa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ran da ka yi alkawari cibiyarsa ba ta bushe ba, kai ka shafa kansa. Ka ƙara duba bakin da kyau. Ba shekarunsa kake gani ba, shekarun maganarka ne. Yaron nan ya hana kansa ya ciyar da shi saboda ya yarda da kai."

Wakili ya saki haɓar ragon ya goge hannu. Wani daga cikin yaransa ya raɗa masa magana a kunne, sai fuskarsa ta washe, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Ya ce, "Af, ashe ɗan adawa ne. To, shi ya sa." Ya juya ga jama'ar da ke zaune. "Kun ji irin tasu ko? Ba sa son ci gaba." Jama'a suka ce ƙwarai kuwa, ba sa so. Cikinsu har da waɗanda su ma maganar ruwa ce ta kawo su. Shi ke nan, zancen rijiya ya mutu, aka koma zancen jam'iyya. Wannan abin har yau in na tuna shi raina yana tafasa. Mutum ya faɗi gaskiya tsirara, amma da an gano akwatin da yake jefa ƙuri'a sai gaskiyar ta zama ta 'yan adawa, a bar masa abarsa.

Wakili ya dube ni ya ce, "Kai namu ne, ya aka yi ka kwaso mini wannan har gida?"

Na ce, "Yayana ne, ranka ya daɗe, cikinmu ɗaya."

Ya ce ba komai, a shiga da ragon ciki, a ba mu goro. Wani yaro ya miƙo hannu zai karɓi igiya. A nan ne Allah ya dawo mini da ɗan abin da ya rage na zuciyata. Na naɗe igiyar a hannu na ce, "Ba gaisuwa ba ce. Na ranar buɗe rijiya ne. In ka haƙa ka zo ka ci." Muka juya mu uku, goron ma ba mu tsaya karɓa ba.

A bakin kasuwar Gaya yunwa ta tsayar da mu. Muka sayi fura ƙwarya biyu, muka zauna a inuwa ɗaya kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, ragon a tsakiya. Na ce, "Rago, ka ce masa an gode." Yaya ya ce, "Rago, ka ce masa kanwa na zo saye." Har muka koma gida ban ga kanwa a hannunsa ba.

Ba a daɗe ba muka ji a rediyon mai shayi cewa soja sun karɓi mulki, an rufe jam'iyyu. Wakili ya koma sayen gyaɗarsa. Gari ya haɗe kamar ba a taɓa yi ba. Wanzaman nan biyu suka koma aski a inuwa ɗaya, masu shayi suka koma aron sukari a wurin juna. Mu kaɗai aka bari, don rantsuwarmu ba a jam'iyya take ɗaure ba, a wuyan rago take. Liman ya kira mu ya ce abu ne mai sauƙi, ɗayanku ya yi kaffara, magana ta ƙare. Na ce Yaya ne babba, shi ya kamata ya fara. Yaya ya ce wa rago, wanda ya biyo mu har ƙofar liman, wanda ya fara rantsuwa shi zai fara warwarewa. Liman ya ce mu tashi mu ba shi wuri, mu da ragon.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka yi yaƙi aka gama. Ragon ya daina tunkuyi, sai dai ya ja da baya ya sunkuyar da kai, ya manta abin da ya yi niyya, ya kwanta. Haƙoransa suka zube har sai an jiƙa masa dusa. Sannan shekarun fari suka zo. Tafki ya ƙafe tun kafin lokaci, harawa ta yi wuya, layin rijiyar ƙauyen maƙwabta ya kai bakin hanya. Ragon ya ƙarasa mamulƙe guntun zanar da ta rage, ni kuma ban samu ciyawar saƙa wata ba. Tsakar gida ta koma ɗaya. Yanzu muna cin ɗan tuwon da aka samu muna ganin juna, kowa da akushinsa. Na ga furfura ta cika gemun Yaya, ban san lokacin da ta fito ba.

Wata safiya na fito na tarar ragon ya kasa tashi. Ya miƙe wuya, numfashi sama-sama. Kowane mai kiwo ya san abin da ake yi a wannan hali, a gaggauta sa wuƙa kafin ya zama mushe. Na ɗauko wuƙa na tsaya a kansa. Ga rantsuwa, rijiya babu ita babu dalilinta. Ga shi kuma, ko babu rantsuwa, hannuna ya ƙi. Dabbar da ta ɗauki saƙona shekara da shekaru, ta ji duk abin da na kasa faɗa wa ɗan'uwana. Na kuma san in ya mutu mushe babu naman da za a ci, rantsuwar Yaya ta zauna ke nan har kabari.

Sai na ji an zare wuƙar daga hannuna. Yaya ya durƙusa, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya shafa gindin ƙahonsa inda ya saba sosa masa. Ya buɗe baki zai ce rago, sai ya yi shiru. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Auta, riƙe ƙafafun."

Na riƙe. Ya yi bisimilla.

Fatar na ba majemi ya yi mini buzu. Da siyasa ta dawo bayan shekaru, wakilin nan ya sake zuwa da sabuwar jam'iyya da sabuwar hula, buzun na shimfiɗa masa. Ya zauna a kai ya yi mana alkawarin rijiya. Na bar shi ya gama, sannan na faɗa masa a gaban jama'a a kan wa yake zaune, ban kuma durƙusa ba. Amma wannan daga baya ne.

A ranar yankan, aka rarraba wa gari abin da ya samu, tunda na ce kowa zai ci. Namu rabon kuwa matan suka ɗora tun hantsi, da ruwan da jaki ya ɗauko daga rijiyar maƙwabta. Itace ya ƙare aka ƙaro, naman ya ce bai san zance ba. Bayan azahar suka gaji suka sauke. Matar Yaya ta shiga ɗaki ta fito da tsohon akushinmu, ashe duk shekarun nan tana shafa masa mai kada ya tsage. Ta ajiye a zaure ta fita.

Muka zauna. Na ɗauki tsoka na sa a baki, ko takalmin fata ya fi ta taushi. Na tauna ta dama, na mayar hagu, na dawo da ita dama. Yaya ma yana ta fama, jijiyar wuyansa ta miƙe. Aka kira la'asar ba mu ci rabi ba. Na ce, "Yaya, wannan ko bayan ransa bai daina tunkuyi ba." Ya yi dariya har ya ƙware, na bubbuga masa baya, idona ya cika da hawaye na ce barkono ne.

Na ce ko a mayar da shi wuta. Ya ce, "Bar shi. Gara da ya yi tauri, mun daɗe ba mu zauna ba."

Sai ya juya yana kallon ƙofar zaure, ya sa ɗan yatsa ya turo wata tsoka gabana.